Bazabarme Ya Kulle Bagobiri, Ya Tafi Biki

Bawana Bazabarme, fofo. Na san ba za ka amsa ba. Tun da ka dawo daga Doso kake ratse hanya in ka hango ni, kana kewayawa ta bayan rumfunan 'yan albasa kamar wanda ya ci bashin mahauci. To, tunda ƙafarka ta ƙi kawo ka ƙofar gidana, ga takarda ta iske ka har shimfiɗa. Na kuma zaɓi in rubuta ta inda duk Malanbil za ta karanta, har da danginka na ƙetaren kogi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya da kai. A cikin shekarun nan babu safiyar da ba ka dubi fuskata ka ce mussa ce ta yakushe ni ba. Shida a wannan kunci, bakwai a wancan, ka ƙirga su ya fi sau dubu. Wai kakana ne ya je satar kifi kyanwa ta ritsa shi, mu kuma muka mai da tabon gado. Ban taɓa musa maka ba, domin ubangida ba ya jayayya da bawansa a bainar jama'a. Abin bai ishe ka ba, sai da ka samo wani muzuru mai zane a kumatu ka raɗa masa suna Bagobiri, don kawai ka riƙa ɗaga murya ta bayan katanga kana cewa, “Bagobiri, zo ka ci ƙaya.” Na haɗiye. Yau ga shi Allah ya kawo ranar da zan tsaya wa dangin nawa, tunda kai da bakinka ka ƙulla mana zumuncin.

Ga waɗanda labarin bai kai kunnensu ba, ga yadda aka yi. Bayan ƙaramar Sallah, a tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ma ba ya yarda ya taka kwanon rufi da azahar, aka aiko wa mutumin nan za a ɗaura auren 'yar ƙanwarsa a Doso. Uwargida da yara suka riga shi wucewa da mako guda. Ranar Alhamis da asuba ya saɓa jaka, ya leƙo zaurena ya ce, “Bagobiri, sai jibi.” Abin da bai gaya mini ba, kafin ya fito ya tattara kyanwoyinsa uku, da muzurun nan mai sunana, da wata fara mai tsohon ciki, da wani ɗan baƙi da bai cika shekara ba, ya tura su ɗakin da yake ajiye haja. Ya rufe taga, ya ja ƙofar ƙarfe, ya datse ta da kwaɗo biyu, ya jefa mabuɗan a aljihu. Wai dabara ke nan: ɓarawo ba zai shiga ba, ɓera kuma ba zai sake ba. Guzurin da ya bar wa masu gadin nasa kwano ɗaya ne na shinkafa da miyar albasa, sai tasa ɗaya ta ruwa. Akwai kuma kwandon kifin banda da ya rataye a ƙusa can sama, wai inda ba za su kai ba.

“Sai jibi.” Laifina ne da na ɗauki jibin Bazabarme irin jibin sauran mutane. Kakanninka su Alfa Hano da Gazari da Babatu sun fita da dawaki zuwa ƙasar Dagomba, ga kabarin Babatu can a Yendi tun 1907. Na bayansu suka riƙa cewa za su je cin rani Kumasi su dawo kafin shuka, sai a ga mutum ya dawo da furfura da jikoki masu jin yaren Ashanti. Jinin nan ne ke yawo a jikinka. An ɗaura aure Juma'a, ka tsaya wunin biki Asabar. Lahadi aka ce an yi rasuwa a Birnin Gaure, ka wuce gaisuwa. Daga can ka ce ai Yamai ta matso, bari ka ƙarasa ka karɓo wani tsohon bashi. Jibi ta zama kwana tara.

Ko babu jinin yawo, wa ke ƙulla alkawari da hanya a garin nan yanzu? Gadar da ta haɗa mu da Gaya tun 1958, wadda da can muke ƙetarewa a bayan kabu-kabu mu sha shayi mu dawo kafin la'asar, an datse ta a ƙarshen Yulin 2023, bayan juyin mulkin Yamai da takunkumin CEDEAO. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, na Nijar ya ci gaba da zama a toshe. Kowa ya koma kwale-kwale, shi kuwa kwale-kwale yau a bar shi ya wuce, gobe a hana. Kai da hannunka ka auna wa direbobin manyan motoci shinkafa tiya-tiya, mutanen da suka taso daga Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700, da niyyar kwana ɗaya a Malanbil, suka share watanni suna girki a ƙarƙashin motocinsu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kai kuwa ka ga wannan duka da idonka, ka tashi ka auna wa rai uku ruwan wuni biyu.

Daren Asabar aka fara. Uwar 'ya'yana ta tashe ni ta ce jariri ke kuka a gidan maƙwabci. Na ce gidan ai babu kowa. Yara suka ce to aljanu ne, suka ƙi fita fitsari. Na kasa kunne. Ni da aka ce danginmu ɗaya, nan take na gane murya: Bagobiri ne ke kiran Bagobiri. Da gari ya waye na buga maka waya. Sai a kira na shida ka ɗauka, bakinka cike da kopto, ganyen nan naku. Na ce kyanwoyinka na kuka. Ka ce, “Ai kuka sana'arsu ce.” Na ce bari in fasa kwaɗo in duba su. Ka ce, “Kul! Na ƙirga buhunana. In ba Bagobiri ɗakin shinkafa? Gara in ba kura ajiyar nama.” Ka kashe waya.

Na ba ka wunin Lahadi, ko Allah zai taɓa zuciyarka. Litinin da hantsi sai kukan ya ɗauke, wannan kuwa ya fi tayar mini da hankali, domin kyanwa in tana kuka da sauran ƙarfinta. Na je na ɗauko liman da mai unguwa su zama shaida, saboda na san halin bawana, yana iya dawowa ya rantse an ɗebe masa tiya uku. Na kira maƙeri ya sare kwaɗunan. Da ƙofa ta buɗe, zafin da ya buso mu kamar an buɗe tanderun mai burodi, warin kuwa sai da liman ya ja baya taku uku yana salati.

Tasar ruwa na kife, ƙarƙashinta ya bushe ƙayau, alamar tun ranar farko aka ture ta. Shinkafar ta yi tsami ta yi fumfuna, an ɗan taɓa gefe an bari. Kwandon kifi na nan a ƙusarsa lafiya lau yadda ka rataye shi, sai dai ko ƙaya babu a ciki. Wanda ya jera buhuna har rufi sannan ya rataye kifi a samansu, ai matakala ya gina wa kyanwa. Farar ta haifi huɗu a cikin babbar rigarka ta shadda da ka manta a kan buhu, wadda kake cika mana baki wai daga Kwatano aka ɗinko ta. Tana kwance tana haki, baki buɗe. Ɗan baƙin na lungu, ido ya faɗa, ko ɗaga kai ba ya yi. Muzuru kuwa babu shi babu alamarsa. Muka ɗaga kai, sai ga inda ya yage ragar da ka toshe tsakanin bango da kwano, ya fice. Daga baya muka same shi a gindin randar gidana, ya sha ya ƙoshi, yana lasar hannu. Ka bincika tarihi tun daga Alƙalawa har Tsibiri, ka nuna mini inda Bazabarme ya taɓa tsare Bagobiri har ya cika kwana huɗu. Jikan Bawa Jan Gwarzo ne, ko da a suna.

Saura buhun gari. Ka san sunan garin nan na asali, kafin Turawa su laƙaba masa sunan gwamnansu Malan: Tassi, wato yashi, da harshenku. Garin da aka raɗa wa suna yashi, inda yaro zai cika maka daro da shi kyauta a bakin kogi, a nan ka kulle kyanwa uku ba ka bar musu ko tafi guda ba. Kyanwa kuwa dabba ce mai kunya, ba ta zagawa sai inda za ta tona ta binne. Suka duba ɗakin kaf, suka ga babu abin da ya fi kama da yashi irin garin rogon da ka saro daga kudu. Suka farke buhu, suka yi abin da ya kamata. Na sa mai unguwa ya shafa wa buhun nan shuni da hannunsa. Mutanen Gaya, in kun ga Bazabarme ya sauko daga kwale-kwale da gari mai araha, ku shinshina.

Da ka dawo, maimakon goron godiya, sai ka bi majalisun masu shayi kana raba hujjoji uku. Duk sun iso ni.

Ka ce ka bar musu ci da sha. Likitan dabbobin da na kai wa ɗan baƙin, wanda ya yi masa ƙarin ruwa ya ce da an ƙara wuni ɗaya da sai dai a haƙa rami, ya yi mini lissafi. Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana bukatar kusan rubu'in lita na ruwa a wuni, wannan ma a lokacin da gari ba zafi. Naka uku ne, ɗaya na shirin jego, a ɗakin kwano, a watan da zafi ke haura 40 a inuwa. Kyanwa ba ta gumi irin namu, sai ɗan abin da ke tsattsafowa ta tafin ƙafarta. Lasar jiki da neman wuri mai sanyi su ne fankarta, kuma in ka ga tana haki kamar kare, to ta kusa. Tasa ɗaya, ko ta cika ta batse, ƙafa ɗaya ce ke kifar da ita. Ga busasshen kifi ya shiga ciki yana neman ruwa.

Shinkafar kuma fa? Kyanwa ba Bazabarme ba ce da za ta rayu a kan shinkafa da ganye. Maciyar nama Allah ya halicce ta. Akwai wani sinadari da take samu a nama da kifi, likitoci na ce masa taurin, ba irin taurin kan da ka gada ba. In ta daɗe ba ta samu ba, ido ya mutu, zuciya ta raunana. Sai miyar albasa. Kai da kake kwana kake tashi a garin albasa, ba ka san guba ce ga kyanwa ba, ɗanya ko dafaffa, ita da tafarnuwa, domin farfasa mata jajayen ƙwayoyin jini take yi. Da suka shinshina abincinka suka bari, sun fi ka ilimi. Amma rashin cin ma da nasa haɗarin. Kyanwa, musamman mai ƙiba, in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse kan taru ya cushe mata hanta, shawara ta biyo baya. Muzuru kuma in ruwa ya yi masa ƙaranci fitsarinsa kan toshe, wannan kuwa cikin kwana biyu zuwa uku yake kisa. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa kada a bar kyanwa a rufe fiye da wuni ɗaya, iyaka biyu, ba tare da wani ya leƙa ta ba.

Hujja ta biyu, ka ce ai mussa 'yar daji ce, ta kama ɓera ta ci. Nan ka ɗan kusanci gaskiya, abin da ba ka saba ba. Asalinta kyanwar daji ce ta ƙasashe masu ƙarancin ruwa, kuma ɓeran da take ci kusan kashi biyu cikin uku na jikinsa ruwa ne. Kyanwar ƙauye da ke yawo, a tafi a bar ta mako guda, za ta bi rumbu, ta bi bakin rijiya, ta shiga gidan maƙwabta, a dawo a iske ta har ta yi kumatu. Amma sharaɗin shi ne tana sake. Kai ka toshe dajin, sannan ka ce ta yi farauta. Ɓerayen ɗakinka ba wawaye ba ne. Daren farko da suka ji warin kyanwa uku suka kwashe iyalansu suka ƙaura, ina jin ma gidana suka dawo. Da harshenku zaki ma muusu beeri kuke ce masa, babbar kyanwa ke nan. To wa ka taɓa ji ya kulle babbar a ɗaki da kwanon shinkafa? Ƙaramar ka raina don ba ta iya cinye ka.

A nan ne liman ya sa baki, tun muna tsaye a ƙofar ɗakin. Ya tuna mana hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har yunwa ta kashe ta. Ya ce mu lura, hanya biyu matar ke da ita, ko ta ciyar ko ta saki dabbar ta nemi abincinta, sai ta toshe duka biyun. Ba a ce ta doke ta ba, ba a ce ta jefe ta ba. Kullewa ta yi ta kama gabanta. Na so in yi maka dariya a wurin, ta ƙi fitowa, domin na tuna ni ma na taɓa tafiya Kandi na kwana biyu na bar kaji a akurki babu ruwa. Liman ya ƙara da cewa sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya, Abu Huraira. A Muwaɗɗar Imamu Malik kuma da muke karantawa, an nuna kyanwa ba najasa ba ce, 'yar gida ce mai kai-da-kawo a tsakaninmu. 'Yar gida kuwa ba a datse ta kamar buhu a yi tafiya.

Na yi ta tunanin inda kuka samo wannan rashin sanin darajar kyanwa, har na gano. Masana sun ce rumbu ne ya haɗa mutum da ita. Da aka fara noma aka tara hatsi, ɓera ya zo, kyanwa ta biyo shi, mutum ya ga amfaninta ya bar ta ta zauna. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara kimanin 9,500, mutum kwance da kyanwa kusa da shi. To ku fa? Maroƙanku sun ce kakanku Mali Bero ya ɗora jama'arsa a kan gindin rumbu, ya tashi da su sama har suka sauka Sargan. Mutumin da ya mai da rumbunsa jirgi, ina ya bar wa ɓera wurin zama, balle ya san aikin kyanwa? Amma ko shi, ka lura, da zai yi tafiya kwasar mutanensa ya yi, bai danna musu kwaɗo ba. Kai ba ka gaji hankalin kakanka ba, sai yawon.

Kuma ba sadaka kake yi musu ba da kake ciyar da su. Ka lissafa buhun da ɓera zai huda maka a shekara in babu su. Ɓera ba hatsi kaɗai yake ɓatawa ba, shi ke ɗauke da zazzaɓin Lasa, wanda ya kashe mutane a Tangiyeta a 2014, ya sake ɓulla a yankin Borgu a 2016, duk a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ajiye kyanwa cikin dabarun rage ɓera a gida. Masu gadin dare gare ka, babu albashi, babu hutun Sallah. Sarkin Masar Baibars, a ƙarni na 13, lambu guda ya yi waƙafi a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su. Turawan gwamna Malan kuwa, a dokar da suka kafa a ƙasarsu a 2021, wanda ya yi watsi da dabbarsa yana iya shan ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 45,000, wato sefa miliyan 29 da rabi. Ka sayar da ɗakin hajar, da babur, da shaddar, ba ka kama ƙafar kuɗin ba. Can har masauki ake gina wa kyanwa, mai tafiya ya kai tasa ya biya kuɗin kwana. Mu nan Allah ya hutar da mu wannan ɗawainiya, ya ba mu maƙwabci.

Wannan ya kawo mu ga hujjarka ta uku, wai ba a ba Bagobiri mabuɗi. Bawana, shekara goma sha ɗaya fa. Shekarar da ruwan kogi ya shigo unguwa cikin dare, a kan wa aka kwashe buhunanka? Ranar da uwargidanka ta fara naƙuda kana Faraku, matar wa ta kwana a kanta? Ka bar mini amanar iyalinka ba ka ƙirga su ba, sai shinkafa ce ka ƙirga. In ma tsoron Bagobiri kake yi, ai ga almajiran liman, ga yaron shagonka, ga tsohuwar nan mai ƙosai da kyanwoyin ke bi kullum da safe. Jikka ɗaya ta isa a sayo musu ƙananan kifi a bakin kogi. Ka liƙa wa makaɗa fiye da haka a Doso, an nuna mini hoton a waya, hularka har ta karkace.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tunda na san ba da daɗewa ba za a sake aiko maka da goron wani biki, ga karatu, ka sa yaro ya karanta maka a hankali. Ɗakin haja daban, kyanwa daban. In mai yawo ce, ka bar ta a tsakar gida, ko ka bar mata kafar da za ta fita ta shigo. Ruwa a zuba a mazubi biyu ko uku masu nauyi, irin kaskon ƙasa, a inuwa, a wurare daban-daban, don in ɗaya ya kife wani na nan. Randa da rijiya a rufe bakinsu, kada garin neman ruwa ta faɗa. A ajiye daron yashi a lungu. Maganin ɓera a ɗauke shi, domin kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma ta ci. Mai ciki, da mai jego, da ƙanana, da mara lafiya, waɗannan ba a barin su sai a hannun mutum. Ka gaya wa wanda ka bar wa, in ya ga ta yi laushi kada tausayi ya sa ya ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Kada kuma ka ce za ka cusa ta a kwali ka hau kwale-kwale da ita, kyanwa ta fi sabo da gida a kan mai gidan, balle mai gida irinka. Sama da duka, a sami mutum ɗaya da zai leƙa kullum, da mabuɗi a hannunsa, da lambar wayarka, wadda za ka ɗauka ko ana kiɗa.

Ku ma masu karatu da ke ƙyaƙyata dariya, kowa ya duba gidansa. Mai tafiya Umara, da mai zuwa Mauludi, da mai cin rani, da wanda ya ce kasuwar Kamba kawai za shi ya dawo, nawa ne a cikinku suka taɓa barin tunkiya a turke, ko tattabaru a ɗaki, ko aku a keji, da ruwan wuni ɗaya? Bazabarmen nawa dai shi aka kama. Duk ran da ka ɗaure ko ka rufe, cinsa da shansa sun koma wuyanka har ka dawo.

Kada ka ce na ci mutuncinka a jarida. Wasan taubasantaka na Nijar, wanda namu da ku ke ciki, UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya tun 2014. Zagin da nake maka mai rajista ne. Ka kai ƙara duk inda ka ga dama, alƙali zai tambayi asalinka, ya tambayi nawa, ya yi dariya ya sallame ka.

Ga hukunci. Kwaɗo biyu asararka ce. Ladan maƙeri da kuɗin likita na biya, na kuma rubuta. Kuɗin sharar da na saba ba ka a watan cika-ciki, na bana na riga na saya wa mai jego kifi da shi. Shadda ta zama ta jarirai, a cikinta aka haife su, gadonsu ce. Ɗan baƙin ya tashi, yana cin abinci. Muzuru ya ƙi komawa gidanka, ni kuwa ba zan kore shi ba, ɗan'uwa ne ya dawo cikin dangi. 'Ya'yan huɗu duk sun rayu, ido ya buɗe. Akwai ɗaya a cikinsu da ba ya zama wuri guda, kullum sai an tsamo shi daga gidan mutane, ga ci ga surutu. Yara sun raɗa masa suna Bazabarme, ni ban sa su ba.

Sabon kwaɗon da na saya wa ɗakinka ya zo da mabuɗi uku. Ɗaya mai unguwa ya miƙa maka, ɗaya na wurin liman, ɗaya na aljihuna, kuma nan zai zauna. Ka zo da goro ka gaishe da mai jego. In tafiya ta sake kama ka, ka ƙwanƙwasa ƙofata ka faɗa mini kwana nawa za ka yi, ni zan ninka sau huɗu da kaina.

Ubangidanka,
Bagobiri, Malanbil.